Wa Ke Duba Lafiyar Mai Usur?

A watan Yulin 2024, a garin Oxford na jihar Masachusets a Amurka, wasu yara suna buga gasar besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo mai tauri a doke ta da gora. A wannan wasa babban alƙali yana tsayawa ne a sunkuye, daf da bayan yaron da ke cafe ƙwallo, saitin inda jifa ke zuwa. Wani jifa ya kauce ya same shi a wuya. Ya daure, aka ci gaba da wasa. Cikin iyayen da ke kallo akwai wata likitar tiyata da ta zo ganin ɗanta, sai ta bar kallon ɗan nata ta koma kallon alƙali, don ta ga tafiyarsa ta sauya. Can daga baya ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Matar nan ta durƙusa tana danna masa ƙirji har rai ya dawo, aka wuce da shi asibiti, kuma ya tashi.

Kafafen labarai sun yabi likitar, ta kuwa cancanci yabo. Sai dai duk wanda ya san yadda ake gudanar da wasannin yara ya san dace kawai aka yi. Babu wanda ya tanadi likita a filin nan, haihuwa ce ta kawo ta. A mafi yawan filayen yara, waɗanda ke zaune a gefe direbobi ne da 'yan kasuwa da malaman makaranta, kuma idon kowa na kan ɗansa. Alƙali ba a kallonsa sai ya yi hukuncin da bai yi wa mutane daɗi ba.

Alhali in an bi ta lissafin likita, shi ne ya fi kowa kusa da haɗari a filin. Binciken da ƙungiyar alƙalan wasanni ta Amurka, NASO, ta yi a 2023 ya nuna matsakaicin shekarun alƙalai ya kusa 57, bayan a 2017 yana wajen 53. Matasa ba sa shiga sana'ar, waɗanda suka shiga kuma ba sa daɗewa, galibi saboda zagi da cin mutuncin iyaye da masu horarwa. A 2022 tarayyar hukumomin wasannin makarantun sakandare ta ƙasar ta ce alƙalai kimanin 50,000 sun ajiye aiki cikin 'yan shekaru. Wasanni dai ba su ragu ba, don haka dattawan da suka rage su ke ɗaukar kayan. A gasar ƙarshen mako mutum ɗaya kan hura wasa uku ko huɗu a jere, daga hantsi har yamma. Yara suna komawa rumfa su sha ruwa tsakanin zagaye da zagaye, a ƙwallon ƙafa kuma ana canjin ɗan wasa idan ya gaji. Alƙali yana nan tsaye. In na bayan mai cafewa ne, yana ɗauke da garkuwar fuska ta ƙarfe da sulken ƙirji da makarin ƙwauri, sau da yawa a ƙarƙashin tufafi masu duhu. Ana biyansa ne wasa-wasa, wani ma aikin sa kai yake yi, kuma ya san in ya fita babu mai karɓarsa. Yaro kan kawo takardar likita kafin a sa shi a ƙungiyar makaranta, amma da wuya a tambayi dattijon da zai wuni a rana ko ya auna hawan jininsa.

Abin da ya fi kashewa nan take shi ne tsayawar zuciya. Masu bin besbol ba su manta da John McSherry ba, alƙalin babbar gasar ƙwararru, wanda ya faɗi a Cincinnati ranar 1 ga Afrilun 1996, ranar buɗe kakar wasa, bayan jifa bakwai kacal. Yana da shekara 51, mutum ne mai ƙiba sosai, kuma an ruwaito cewa washegari ne ya shirya ganin likita. A wurin matashin ɗan wasa, irin wannan faɗuwa yawanci daga wata matsala ce da aka haife shi da ita, kamar kaurin tsokar zuciya. Wanda ya haura 35 kuwa, mafi yawa jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar ne kitse ya cunkushe. Gudu da zafi da tashin hankali kan sa wannan kitse ya tsage, jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. Daga nan wutar da ke tsara bugun zuciya ta rikice, zuciyar ta koma karkarwa maimakon harba jini. Cikin daƙiƙa kaɗan mutum ya fita hayyacinsa, cikin minti huɗu zuwa shida ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

A nan ne mutane ke ruɗuwa. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba lallai ya kwanta shiru ba. Sau da yawa yakan ja wani irin numfashi mai gurnani, jefi-jefi, baki buɗe, wani lokaci gaɓoɓinsa su yi fizge-fizge. Masu kallo sai su ce ai yana numfashi, suma ce, ko kuwa farfaɗiya ce, a ba shi iska. Wannan gurnanin ba numfashi ba ne. Duk wanda ya faɗi, aka kira shi aka jijjiga shi bai amsa ba, kuma numfashinsa ba daidai yake ba, to a ɗauka zuciya ce. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya kan ɗaya a tsakiyar ƙirji, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa ake karɓa-karɓa duk bayan minti biyu. Haƙarƙari na iya karyewa, kuma wannan ba dalilin dainawa ba ne. In alƙalin yana sanye da sulken ƙirji, dole a fara cire shi ko a yanke igiyoyinsa, abin da mutane da yawa ba sa tunawa sai sun ɓata lokaci suna danna roba.

Dannawar galibi tana riƙe da rai ne kawai. Abin da ke maido da bugun shi ne na'urar AED, ƙaramin akwati mai batir wanda ake manna wa mutum faifansa biyu a ƙirji, ya auna bugun da kansa, ya faɗa da murya ko a danna maɓallin girgiza ko kada a danna. Ita ce ta dawo da ɗan ƙwallon ƙafa Christian Eriksen a Kopenhegen ranar 12 ga Yunin 2021, inda alƙalin wasa Anthony Taylor ya yafuto likitoci cikin daƙiƙoƙi. Makarantun Amurka da yawa suna da na'urar. Matsalar ita ce sau da dama tana rataye a cikin ginin makaranta, wasa kuma ranar Asabar ake yi, ƙofa a kulle, mai mabuɗi yana gida.

Zafin rana ya fi wannan wayo, domin yana fara taɓa hankali kafin ya kayar da jiki, alƙali kuwa da hankalinsa yake aiki. Mu tuna wasan Mali da Tunisiya a Limbe ta Kamaru, ranar 12 ga Janairun 2022, a gasar cin kofin Afirka. An take wasa da ƙarfe biyu na rana. Janny Sikazwe ɗan Zambiya, gogaggen alƙali da ya hura a gasar cin kofin duniya, ya busa tashi a minti na 85. Aka yi masa caa, ya mayar da wasa, ya sake busa tashi kafin minti 90 ya cika, ba tare da ƙarin lokaci ba. Duniya ta yi ta dariya, wasu suka ce an saye shi. Daga baya aka ji an kai shi asibiti saboda bugun zafi da ƙarancin ruwa a jiki, shi da kansa ya ce saura ƙiris da gawarsa za a mayar gida. Mutum yana tsakiyar fili ƙwaƙwalwarsa na dahuwa a gaban dubban 'yan kallo da kyamarori, abin da kowa ya gani shi ne kuskure.

Wannan shi ne abin da nake ganin ya fi muhimmanci a sani. Alamomin farko na bugun zafi su ne ruɗewa, mantuwa, saurin fushi, magana marar kan gado, tangaɗi. A jikin ɗan wasa, mai horarwa zai lura ya cire shi. A jikin alƙali, waɗannan alamomi sun yi kama da rashin iya aiki. Ya manta ƙidaya, ya nuna ɓangaren da ba shi ba, ya yi wa wani uba tsawa ba dalili, sai a rufe shi da ihu, shi kuma ya ƙara dagewa don kada a ce ya ji tsoro. A gasar Kofa Amerika ta 2024 a Kansas City, mataimakin alƙali Humberto Panjoj ɗan Gwatamala yana gudu a gefen da rana ke duka har ya zube daf da hutun rabin lokaci, a wasan Kanada da Peru. Golan Kanada, Maxime Crépeau, shi ya fara rugawa kansa.

Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 kuma hankali ya gushe, ƙa'idar likitocin wasanni ita ce a sanyaya mutum tukuna, sannan a ɗauke shi. Mafi inganci a tsoma shi cikin baho na ruwan ƙanƙara har wuya, wani na riƙe da kansa. Wanda aka sauko da zafinsa cikin minti 30 na farko kusan kullum yana rayuwa. In babu baho, a kai shi inuwa, a tuɓe kayan, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Kada a jira gumi ya ɗauke kafin a yarda bugun zafi ne, don mai aikin ƙarfi yakan kamu yana jiƙe sharkaf. Farasitamol ba ya maganinsa. Wanda bai cikin hayyacinsa kuma ba a ɗura masa ruwa a baki. Dattijon da ke shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari ya fi saurin bushewa, kuma irinsu suna da yawa cikin masu usur.

Sai duka, na ƙwallo da na hannu. A Nuwamban 2014, kwana biyu bayan rasuwar ɗan wasan kurket na Ostareliya Phillip Hughes, ƙwallo ta kashe alƙalin kurket Hillel Oscar a Ashdod ta Isra'ila, daga baya kuma wasu alƙalai suka fara sa hular kwano. Na hannu ya fi ciwo. A Disamban 2012, a garin Almere na Holan, 'yan wasa masu shekara 15 zuwa 16 suka rufe wani mai ɗaga tuta da duka da shuri bayan an tashi, mutumin da ɗansa ke cikin ɗaya ƙungiyar. Ya miƙe da ƙafarsa, sai bayan sa'o'i ya faɗi, washegari ya cika. A Afrilun 2013 a jihar Utah, wani gola ɗan shekara 17 ya naushi alƙali a kai don ya ba shi katin gargaɗi. Da fari kamar ba komai, sannan jiri da amai suka biyo, ya yi mako guda bai farfaɗo ba, ya rasu. Jini kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, jijiyar wuya kan tsage ta ciki ba a gani. Miƙewar mutum bayan duka a kai ko a wuya ba shaidar lafiya ba ce, kuma "ba komai, mu ci gaba" da zai faɗa ba abin dogaro ba ne.

Mu a nan besbol ba wasanmu ba ne, amma filin unguwa muna da shi a kowane gari, daga Kano zuwa Maraɗi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato ko Damagaram kan wuce digiri 40. Al'adar buga ƙwallo bayan la'asar ta yi mana rana, gasar makarantu da ake yi da tsakar rana ce abin tsoro. Rafalinmu sau da yawa tsohon ɗan wasa ne ko malamin motsa jiki, wanda rabonsa da awon jini shi ma ba zai tuna ba. In ya faɗi, mun san abin da ke biyowa: a yi masa zobe, wani na fifita da riga, wani na fasa ledar ruwa a kansa, wani na neman cokali don kada ya haɗiye harshe. Harshe ba ya haɗiyuwa, cokalin haƙori kawai zai karya. Ruwan yana da amfani in zafi ne, in zuciya ce kuwa ɓata mintuna ne. A ɗora shi a babur a nufi asibiti ba tare da an danna ƙirji ba, kafin a isa an makara. Ko a babbar gasar ƙasa, lokacin da Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a Maris na 2020, rahotanni sun ce motar asibitin da ke filin ƙin tashi ta yi, kuma ya rasu.

Na'urar AED tana da tsada ga ƙungiyar unguwa, amma koyon danna ƙirji aikin yini ɗaya ne, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross na koyar da shi. Baho da ƙanƙara ba su fi ƙarfin mai shirya gasar da ya iya sayen kofi da riguna ba. Abin da ya fi wuya shi ne iko. Dokar wasa ta ba alƙali hurumin tsayar da wasa don kowa ya ji ciwo, amma a filin yara babu wanda aka ba hurumin tsayar da shi kansa. Mai horarwar da ya ce masa ya je ya huta, za a ce hukunci ne bai yi masa daɗi ba. Don haka mai shirya gasa ya kamata, tun kafin a take ƙwallo, ya nuna mutum ɗaya a gaban ƙungiyoyin biyu, wanda ba shi da ɗa ko ƙungiya a wasan, ya ce in wannan ya ɗaga hannu wasa ya tsaya, alƙali ya zo inuwa a duba shi, kuma ga wanda zai karɓi usur in ta kama.