Yankewar Layi Tsakanin Kwamfutoci: Matsalar da ke Tsayar da Ciniki a Ƙananan Ofisoshin Yola da Jimeta

A shagunan sayar da magunguna, ɗakunan ajiyar kaya da ofisoshin akantoci na Jimeta da cikin garin Yola, lissafin ciniki ya koma cikin babbar kwamfuta guda da ake kira saba, wadda sauran kwamfutocin ofis ke ɗebo bayanai daga gare ta. Ranar da layin da ya haɗa su ya yanke, ba a iya fitar da rasit ko duba bashi, mai saye kuwa ba ya jira.

Abin da masu ofis suka fi yi shi ne ɗora laifi a kan kamfanin sadarwa, kuma suna da dalilin yin haka. A watan Mayun 2013 an rufe layukan wayar salula a Jihar Adamawa bayan kafa dokar ta-ɓaci, ba a buɗe su ba sai a watan Yuli. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta kawo cikas ga bankuna a faɗin Nijeriya. To amma sabar da ke cikin ofis ba ta bukatar intanet kafin kwamfutar da ke ɗakin kusa ta same ta. Idan ita ce ta ɓace, matsalar tana cikin gida.

Galibi wutar lantarki ce mafari. Kowace kwamfuta tana da lambar adireshi, kuma na'urar rawuta ce ke raba waɗannan lambobi. Idan wutar kamfanin YEDC ta ɗauke aka tayar da janareta, na'urorin kan tashi ba bisa tsari ba, har rawuta ta ba sabar sabuwar lamba. Sabar tana nan lafiya lau, fitilunta na ci, amma sauran kwamfutoci na ta neman ta a tsohon adireshi. Maganin wannan aikin 'yan mintoci ne: a ba ta lamba ta dindindin, a rubuta a takarda a manna a jikinta.

Ma'aikaci na iya gane inda cikas yake kafin a kira mai gyara. Idan kwamfuta ɗaya ce ta rasa sabar, sai a duba wayarta da fitilar da ke bakin ramin da aka soka ta. Idan duka ne, sai a duba akwatin rarraba layi da ita kanta sabar. Umarnin ping yana nuna ko saƙo na isa gare ta.

Yanayin Yola ma yana da nasa rabon. A watannin Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, alhali batirin na'urar riƙe wuta an yi shi ne don ɗaki mai digiri 25, shi ya sa yake mutuwa da wuri ba tare da kowa ya lura ba. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, tsawar damina kuma kan ƙona akwatin rarraba layi, musamman inda aka ja waya a sarari daga wani gini zuwa wani. Irin wannan waya ta tagulla ba a so tsawonta ya wuce mita 100.