Tanis da badminton: yadda ƙafa ke bai wa bugun sama ƙarfi

Wanda ya taso daga Zuba zuwa filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, inda aka gudanar da wasannin Afirka na 2003, ya kalli 'yan tanis, zai zaci damtse ne ke aikin bugun sama. Ƙarfin kuwa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu kafin ya isa kafaɗa.

Ɗan tanis yana da sarari a bugun farko. Yakan lanƙwasa gwiwoyi, ya yunƙura da ƙafafu biyu, ya dira kan ƙafar gaba. Ƙwallonsa ta kai kimanin giram 58, dole jiki duka ya mara mata baya.

A badminton doka ta hana bugun farko daga sama, don haka sai wasa ya yi zafi ake yin irin wannan bugu, galibi ɗan wasa yana ja da baya. Yakan yunƙura da ƙafar baya, ya sauya ƙafafu a iska kamar almakashi, ya dira a shirye ya koma tsakiyar fili, domin ƙwallon gashin, mai nauyin giram 5 kacal, nan take take dawowa. Wannan dirar kan ƙafa ɗaya ce ya kamata masu koyo su fara ƙwarewa a kai, domin a nan gwiwa kan samu rauni.