Yadda Ake Gane Itacen Ceri A Birnin Washinton

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawa daga cikinmu mun sha ganin hoton wasu itatuwa a jikin kalanda, sun yi fari fat da furanni, babu ko ganye ɗaya a jikinsu. Sunan wannan itace ceri, Japanawa kuwa suna kiransa sakura. Na sami damar ganinsa da idona a birnin Washinton na ƙasar Amurka, lokacin da na kai wa yayana ziyara a hutun watan Afrilu, kuma ina so in bayyana muku yadda ake gane shi. Dalili kuwa shi ne, a wannan lokaci itatuwa iri iri ne ke fure tare a birnin, baƙi kuwa duk wanda suka gani sai su ce ceri ne.

Da farko sai mu san lokacin. Can ƙasashen sanyi, yawancin itatuwa kan kaɗe ganyensu su tsaya tsirara har hunturu ya wuce. Daga ƙarshen Maris, in gari ya fara ɗumi, sai su farfaɗo. Littattafanmu suna kiran wannan lokaci bazara, amma kada ku zaci irin tamu ce mai zufa, don mutum sai ya sa rigar sanyi. Ceri yana cikin masu fitar da fure kafin ganye. Wanda ya taɓa ganin gurjiya a daji da rani, ta yi ja wur alhali babu ganye a kanta, ya san abin da nake nufi.

Cerin Washinton kyauta ce. Magajin garin Tokiyo, Yukio Ozaki, ya aiko da itatuwa 2,000 a 1910, amma da aka duba su sai aka tarar da ƙwari da cuta a jikinsu, aka ƙone su. Japanawa ba su yi fushi ba, suka sake aiko da 3,020 a 1912. Ran 27 ga Maris na wannan shekara, matar Shugaba Taft da matar jakadan Japan suka dasa biyu na farko a bakin wani tafki da ake kira Tidal Basin. A 1965 aka ƙaro wasu 3,800. Waɗannan itatuwa na ado ne kawai, ba irin waɗanda ake nomawa don a ci 'ya'yansu ba ne.

To, yaya za ka gane shi? Ni a ganina ɓawo ya fi komai gaskiya, domin yana nan ko da fure ko babu. Dubi gindin itacen. Ɓawon ceri yana da ɗan sheƙi, kuma yana da gajerun zane zane a kwance, suna kewaya shi kamar an yi masa tsaga. Ta waɗannan 'yan ƙofofi ne itacen ke shaƙar iska. In itacen ya tsufa ainun gindinsa kan yi kaushi ya faffashe, saboda haka sai ka ɗaga kai ka dubi rassan, a nan zanen ya fi fitowa.

Sa'an nan ka matso kusa da furen. Fallayensa, watau 'yan ganyayen nan masu launi, kowanne yana da ɗan tsagu a bakinsa, kamar an ɗan cire da farce. Wannan tsagu ƙarami ne ƙwarai, amma shi ne shaidar da masana suka fi dogara da ita. Ka kuma duba yadda furannin suka zauna. Na ceri sukan fito uku ko huɗu ko biyar daga ido guda, kowanne a kan ɗan dogon tsinkensa, suna reto in iska ta kaɗa.

Masu ruɗin mutane su uku ne. Akwai fulam, ɗan'uwan ceri na jini, wanda yakan riga shi fure. Fallayensa zagayayyu ne babu tsagu, furensa ya fi matsowa jikin reshe, ya kuma fi ƙamshi. Wani irinsa ma ganyensa ja ne mai duhu. Akwai magnoliya, wadda ba ta da wuyar ganewa, don furenta ɗaya ya kai tafin hannu, fallayensa kuma masu kauri ne. Na ukun shi ne wani itacen ado da ake kira Bradford, wanda aka shuka da yawa a bakin tituna. Daga nesa fari ne tas kamar ceri, amma rassansa a miƙe suke sama, shi kuwa ceri baje nasa yake yi kamar laima. In kana shakka, hanci zai raba gardama: furen Bradford ƙarnin kifi yake yi. Ban ga wanda ya sunsuna shi sau biyu ba.

In ka tabbata ceri ne, saura ka san wane iri. Wanda ya fi yawa a bakin tafkin shi ne Yoshino, wajen kashi 70 cikin 100 na itatuwan wurin. Fallayensa 5 ne. Yana tohowa da ɗan ruwan hoda, in ya buɗe sosai sai ya koma kusan fari. Akwai wani abin mamaki game da shi. Ba daga iri ake shuka shi ba, aure ake yi masa, kamar yadda masu lambu ke yi wa mangwaro. An fara yaɗa shi daga wani ƙauye mai suna Somei, wanda yanzu ya shige cikin Tokiyo, a ƙarni na 19. Ke nan Yoshinon Washinton da na Tokiyo duk reshen asali guda ne. Shi ya sa in suna wuri ɗaya, suna shan rana ɗaya da sanyi ɗaya, sai su buɗe kusan rana ɗaya, su kuma zube tare.

Wannan hali nasa shi ke sa mutane rububi. Hukumar da ke kula da wurin tana bin tohon mataki mataki, kuma ranar da kashi 70 na furannin Yoshino suka buɗe ita ake ɗauka ranar cikar fure. Yawanci takan faɗo tsakanin makon ƙarshe na Maris da makon farko na Afrilu, amma ba ta da alkawari. A 1990 ta zo tun 15 ga Maris, a 1958 kuwa sai 18 ga Afrilu. In gari ya yi luf, furen kan kai kamar kwana goma. Ruwa da iska na dare ɗaya kuwa sun isa su kaɗe shi. A watan Maris na 2017 sanyi ya dawo bayan toho ya riga ya fito, ya kashe wajen rabin furannin. Mutum zai iya biyan kuɗin jirgi daga wata uwa duniya, ya zo ya tarar da fallaye a ƙasa ana tattakawa.

Amma wanda ya san iri iri ba ya yin wannan asara, don ba Yoshino kaɗai ne ceri ba. In ka zo da wuri, nemi Okame, mai ƙananan furanni masu ruwan hoda mai ƙarfi, suna kallon ƙasa kamar 'yan ƙararrawa. Bayansa akwai wani mai rassa sirara da ke zubowa har kusan ƙasa, kamar gashin da aka tsefe. Shi ma yakan ɗan riga Yoshino. Akwai kuma Akebono, mai kama da Yoshino ƙwarai, sai dai ya fi shi ruwan hoda. Su biyun nan sai an gan su gefe da gefe ake rabe su da sauƙi.

In kuwa ka makara, to Kwanzan na jiranka, kuma shi ne ya fi burge ni. Yana buɗewa kamar mako biyu bayan Yoshino. Furensa cunkus yake da fallaye, sun haura 20 a fure guda, har ya yi kama da ƙaramar tunƙu da aka yi da yadi. Launinsa ruwan hoda ne sosai, kuma yana fitowa tare da sabon ganye mai launin jan ƙarfe. Saboda nauyin furannin, har rassa kan ɗan sunkuya. Ba a cika ganinsa a bakin tafkin ba, sai an gangara kudu zuwa lambun East Potomac, a kan hanyar Hains Point. Can babu cunkoson jama'a, mutum zai tsaya ya ƙirga fallaye son ransa. Sai dai da ido ake ƙirgawa, domin doka ta hana tsinkar furen ko hawa itacen.