Saƙar kayan gida a Agadas: Cinikin da bai jira 'yan yawon buɗe ido ba

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, da zarar sanyi ya shigo, jirage kan taso daga Faransa su sauka kai-tsaye a filin jirgin sama na Mano Dayak cike da Turawa masu yawon buɗe ido. Maƙeran azurfa da dukawa da masu saƙa duk sun ci kasuwarsu a wancan zamani. Sai dai kash, a 2007 tawaye ya sake ɓarkewa a arewa, a watan Satumban 2010 kuma aka sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit, daga nan ƙafa ta ɗauke. Ko da hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, baƙin ba su dawo kamar yadda aka yi fata ba.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu yin kayan tsaraba, irin ƙananan kwanduna masu ado da Bature zai rataya a bangon ɗakinsa. Amma matar da ke saƙa faifai da tabarma da mafici ba ta rasa mai saye ba, domin maƙwabciyarta ce mai sayen, kuma ko ana ha-maza ha-mata sai an rufe ƙwaryar fura.

Tushen wannan sana'a a ƙasar Abzin shi ne kaba, wato ganyen goriba. Akan yanko ta tana ɗanya, a shanya, a tsaga ta siri-siri, sannan a jiƙa ta kafin a fara aiki don kada ta kakkarye a hannu. Mai son launi takan rina da karan dafi don samun ja, ko da yake yanzu galurar kasuwa ta fi yawa. Tabarma ba a lokaci ɗaya ake saƙa ta ba. Doguwar saƙa ake yi mai faɗin kamar tafin hannu, a yi ta ƙara mata tsawo kwana da kwanaki, daga baya a haɗa gefe da gefe a ɗinke. Shi ya sa za ka ga mace tana hira, tana jiran tukunya ta nuna, hannunta kuwa bai tsaya ba.

A wajen Abzinawa abin ya wuce kayan shimfiɗa. Ɗakin kansa da tabarmi ake rufa shi, uwar amarya da danginta ne ke saƙa su kafin biki, kuma ɗakin mallakin matar ne. Idan aure ya mutu, ita ke kwance abinta ta tafi da shi. Haka nan ayarin raƙuman da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, da igiyar kaba da tabarmi ake ɗaure kantun gishiri. Ko lefen da ake ta taƙama da shi a yau cikin akwatuna, asalin sunan na kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki.

To, ina matsalar take? Ta farko tabarmar roba ce. Ta fi araha, ana wanke ta, ga launi mai ɗaukar ido, kuma babu amfanin musun haka. Sai dai duk wadda ta shimfiɗa ta a tsakar gida a watan Mayu ta san yadda take ɗaukar zafi, ta kuma san rana na cinye ta har ta riƙa marmashewa. Ta kaba kuwa tana shan iska, idan gefenta ya ɓalle ana iya gyara shi. A ganina wannan ce maganar da ya kamata mai talla ta riƙa gaya wa mai saye, maimakon ta yi ta rage kuɗi tana neman kamo farashin roba, tseren da ba za ta taɓa ci ba.

Matsala ta biyu ita ce kabar kanta. Idan aka riƙa yanke sabon toho duk lokacin da ya fito, kabar ba za ta taɓa zama itacen goriba ba, nan za ta tsaya a ƙasa. A jihar Maraɗi akwai kwarin da sunansa ma Gulbin Kaba saboda yawanta, kuma can ma an daɗe ana kokawa kan yawan sara. Mai yanka ta bar 'yan ganye a kowane gindi, kada kuma ta taɓa tsakiyar tohon.

Sai saƙar zare, wadda ta fi yawa a cikin gari. Baƙo kan ɗauka Agadas zafi kawai gare ta, alhali a Disamba da Janairu sanyin dare kan sa manya ma su nemi bargo, balle a kan duwatsu wajen Timiya da Iferwan. Hular jariri da safa da 'yar rigar sanyi ba sa kwantai a wannan lokaci. Da kwarashi guda ɗaya uwargida za ta iya yin marufin kwalla da langa, da rigar fulas, da shimfiɗar tebur, da jakar zuwa cefane. Amma a lura, yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa roba ce, ba gashin tunkiya ba. Idan ya ji wuta narkewa yake yi ya manne a fata. Don haka abin sauke tukunya a yi shi da zaren auduga, a ninka biyu. Mai shakka ta yanki ɗan guntu ta kusantar da shi ga ashana: na auduga zai zama toka, na roba zai dunƙule ya yi tauri. Hular jariri kuma kada a sa mata doguwar igiya ko maɓallin da zai iya haɗiyewa.

Ulun nan daga waje yake zuwa. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna wa 'yan kasuwa abin da dogaro da kayan ƙetare ke jawowa. Akwai kuwa wani zare da ba ya bi ta kwastan, wato leda. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigowa da ledar da ba ta ruɓewa, amma kowa na ganin ta maƙale a jikin ƙaya, mahauta kuma na ciro ta daga tumbin awaki. A ƙauyen Njau na ƙasar Gambiya, Isatou Ceesay da wasu mata sun fara saƙa jakunkuna da ita tun 1997, matan ƙungiyar GAFREH ta Bobo Julaso a Burkina Faso su ma sun yi suna da irin wannan aiki. Yadda ake yi ba wuya: a wanke ledar da sabulu, a shanya, a yanke hannu da gindi, a yayyanka ta zobe-zobe faɗin yatsa biyu, a sarƙa wani cikin wani har ya zama dogon zare. Ta yi kyau da jaka da ragaya da abin goge ƙafa a bakin ƙofa. Abinci mai zafi da murhu dai a nisanta ta da su.

Inda mata da yawa ke faɗuwa shi ne lissafi. A ce kin sayi ulu na jaka biyu, ya ba ki hula huɗu, kin sayar da su jaka uku. Sai ki ce kin ci ribar jaka ɗaya, kin manta kwana nawa kika yi a kai, da kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa. Ki fara ware uwar kuɗi, ki yanka wa kanki ladan yini, abin da ya rage shi ne riba. Masu sari su ma su ji tsoron Allah, faifan da aka yi kwanaki ana ɗinkawa bai kamata a taya shi kamar tumatirin yamma ba.

Sayen ulu ƙulli ɗai-ɗai shi ke cinye ribar tun kafin a fara. Tsarin asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya nuna cewa mata na iya tara nasu su ranta wa junansu. Idan masu saƙa goma suka haɗa kuɗi suka saro katan guda, kowacce za ta samu sauƙi. Kuma a yi sarin tun watan Satumba, a fara aiki a Oktoba, domin wadda ta ɗauki kwarashi bayan hunturu ya kankama, kafin ta gama hula goma sanyin ya wuce.