Kyan launi da cutar da ke ƙarƙashinsa: abin da wani ɗan kwikwiyo ya koya mini a Unguwa Uku

A ƙarshen daminar bara wani maƙwabcina a Unguwa Uku, mai shagon kayan gyaran mota kusa da tasha, ya sayo ɗan kwikwiyo irin na ƙasar waje domin gadin shagonsa. Fari ne fat, idanunsa shuɗaye, kuma saboda wannan kyau aka tsauwala masa kuɗi. Bayan wata uku ya lura cewa ko an buga ƙofar ƙarfe a bayan karen ba ya waiwayowa. Ni na raka shi wajen likitan dabbobi. Likitan ya tafa hannu a bayan kunnen karen, ya haska idonsa, sannan ya tambaya: "Alhaji, wane launi ne uwarsa da ubansa?" Alhaji ya ce dukansu dabbare-dabbare ne, mai sayarwa ya nuna masa hotonsu a waya. Likita ya ce to, karen kurma ne, ido ɗaya ma bai cika ba, kuma ba shi da magani.

Na san kare ba dabbar da Bakano ke ja a jiki ba ce. Amma mafarauta da makiyaya da masu gadi sun daɗe suna ajiye shi, kuma yanzu samari da dama a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi sun mai da kiwon karnukan waje sana'a, suna tallarsu a Facebook da WhatsApp. Kasuwar nan launi take saye, shi ya sa tambayar likitan ta tsaya mini a rai.

Launin da yake nufi shi ne wanda Turawa ke kira merle, wato gashi mai dishi-dishi da ɗigon baƙi nan da can. A 2005 masana a Amurka suka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon kare, daga jinin wata karya mai suna Tasha. Shekara guda bayan haka, a 2006, Leigh Anne Clark da abokan aikinta a Jami'ar Texas A&M suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa wannan launi, wadda ake kira PMEL. Kowane kare yana gadar kwafi biyu na ƙwayar, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Idan kwafi ɗaya ne ya sauya, sai a sami launin nan mai ɗaukar ido. Idan duka biyun ne, sai launi ya kusa ɓacewa gaba ɗaya, kare ya fito fari, sau da yawa da kurumta ko nakasar ido.

Me ya haɗa gashi da kunne? Ƙwayoyin da ke rina gashi da fata suna nan a can cikin kunne, kuma aikinsu a wurin ba ado ba ne. Su ke taimakawa wajen daidaita ruwan da jijiyoyin ji ke aiki a cikinsa. Idan babu su, ƙwayoyin da ke karɓar sauti sukan mutu tun makonnin farko bayan haihuwa, kuma ba sa sake tsirowa.

Lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma wannan na cikin dalilan dokar gwajin lafiya kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a 2024. Ba ina kwatanta ɗan Adam da kare ba ne, Allah ya kiyaye. Ƙa'idar gadon ce iri ɗaya. A haɗa dabbare-dabbare biyu, kowane kwikwiyo yana da kaso ɗaya cikin huɗu na gadar kwafi biyu. Wani zai ce ai ido ya isa, a daina haɗa masu launin kawai. Bai isa ba, domin akwai karen da ke ɗauke da sauyin amma gashinsa bai nuna ba. Irin wannan sai gwajin DNA, wanda ba ya buƙatar komai sai a goga auduga a cikin kumatun kare a kai ɗakin bincike.

Gwajin ba ya warware komai da komai. Karen Dalmatian, farin nan mai ɗigon baƙi, binciken George Strain na Jami'ar Jihar Louisiana ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 nasu a Amurka ba sa ji da kunne ɗaya ko duka biyu, amma gadon nasu ya fi na merle sarƙaƙiya, don haka da na'urar auna ji ake tantance su.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ilimi ya shafi dabbobin da muka fi ƙauna. A 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka gano sauyin ƙwayar gado da ke sa doki, wanda aka haifa da duhun gashi, ya riƙa yin fari yana girma. Sauyin nan ne kuma ke jawo masa ƙarin daji na fata, galibi a ƙarƙashin wutsiya, kuma mafi yawan irin waɗannan dawaki sukan kamu idan sun haura shekara 15. Duk wanda ya kalli hawan Daushe ya san darajar farin doki a Kano. Barga nawa ne ke ɗaga wutsiyar kili su duba?

Haka a kasuwar 'Yan Awaki da ke nan Unguwa Uku. Dillali yana kallon jar akuya ya ce ta Sakkwato ce ko ta Maraɗi, irin da fatarta ta ratsa Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Shaidarsa ja ne kawai, alhali barbara da wasu irin tana iya barin jan ta tafi da ingancin fatar. Muna da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken kiwo ta Shika, da ta Vom a Filato. A ganina aikin da ya kamace su shi ne su sauko da gwajin nan zuwa farashin da mai kiwo zai iya biya, su kuma bayyana sakamakonsa da Hausa. Kafin nan, mai sayen kwikwiyo ya nemi ganin iyayen ido da ido, ya kuma tafa hannu a bayan kunnensa kafin ya biya.

Maƙwabcina bai yar da karen ba. Yana kwana a cikin shago, yaron shagon ya koya masa zama da tashi da alamar hannu. Gadi kuwa, an ɗauki wani dattijo ana biyansa duk wata.