Ruwan toka ba ɗaya ba ne: yadda ake zaɓen fentin da ya dace da gida

A sababbin unguwannin Yamai, Maraɗi da Damagaram, da wuya mutum ya bi layi guda bai ga katanga ko ƙofar ƙarfe mai ruwan toka ba. Launin ya samu karɓuwa saboda ba ya ɗaukar ido, yana tafiya da karon ƙasa na zamani, kuma ba ya nuna datti kamar fari. Sai dai masu gini da yawa kan gane a makare cewa ruwan tokar da suka nuna da yatsa a shagon kayan gini ba shi ne ya fito a bangonsu ba. Wani ya koma shuɗi-shuɗi, wani ya yi kore-kore, wani kuma ya zama tamkar siminti da ba a shafa masa komai ba. Idan ɗakin amarya ne kuma ranar jere ta matso, ko falo ne ana shirin Sallah, kuskuren yana nufin sayen wani fenti da sake biyan mai shafawa.

Abin da ke ɓoye cikin launin

A bakin mutane ruwan toka cakuɗa fari ne da baƙi. A cikin gwangwani kuwa kusan kowane ruwan toka yana ɗauke da ɗigon wani launi. Wani an sa masa shuɗi ko kore, shi ne ake cewa mai sanyi. Wani an sa masa rawaya, ja ko ruwan ƙasa, shi ne mai ɗumi. A ƴar takardar samfur da ba ta kai tafin hannu ba, ido ba ya kama wannan ɗigo. Sai an shafa shi a bango mai mita huɗu ko biyar yake bayyana, domin duk lokacin da fili ya ƙaru, launi yakan ƙara ƙarfi a ido.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano shi. A ɗora samfuran da ake shakka a kansu bisa farar takarda, a jera su kusa da juna a hasken rana cikin inuwa. Wanda ya karkata zuwa shuɗi zai fito fili kusa da wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa. Idan aka duba samfur shi kaɗai, kowanne ruwan toka ne kawai.

Sunayen da ke jikin gwangwani ba su cika taimakawa ba. Abin da wani kamfani ya kira gris perle ko gris clair ba lalle ya yi daidai da na wani kamfani ba. Abin da ya fi tabbas shi ne lamba. Tsarin RAL, wanda aka fara a Jamus a 1927 da launuka 40, ya ware lambobin da suka fara da 7 domin dangin ruwan toka. RAL 7035 shi ne mai haske da ake yawan gani a akwatunan lantarki. RAL 7040 yana da ɗan shuɗi. RAL 7032 da RAL 7044 sun karkata zuwa launin yashi. RAL 7016, wanda aka fi sani da gris anthracite, shi ne mai duhun nan da ake shafa wa ƙofofi da tagogi. Mai gidan da ya rubuta lambar ya ajiye zai iya neman irin launin ko bayan shekara biyu.

Maƙwabcin launi yana sauya shi

Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, yana auna shi ne da abin da ke gefensa. Masanin haɗa sinadarai na Faransa, Michel-Eugène Chevreul, ya gano haka lokacin da yake shugabantar sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. An kawo masa ƙorafi cewa baƙin zare ba ya kama rini yadda ya kamata. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa lau, launukan da ake saƙa shi kusa da su ne ke sauya yadda ake ganinsa. Ya wallafa bayanin a littafi a 1839.

Ruwan toka ya fi kowane launi saurin ɗaukar wannan tasiri. Kusa da ja yakan yi kore-kore. Kusa da rawaya ko ruwan goro yakan yi shuɗi-shuɗi. Kusa da shuɗi kuma sai ya yi kamar an sa masa ɗan rawaya. Wannan ya shafi gidajen yankinmu kai tsaye. Katangar da ke tsaye a kan jan ƙasa, ko a gefen tsohon ginin laka, za ta nuna sanyi fiye da yadda aka gan ta a shago. A cikin ɗaki kuma, jan kafet, labule ruwan zinari da kujerun katako duk suna tura bango mai ruwan toka zuwa shuɗi.

Saboda haka abin da ba za a iya sauyawa ba shi ake fara dubawa. Karon ƙasa yana daɗewa shekaru, kuma fasa shi ya fi sake fenti tsada nesa ba kusa ba. Idan karon ruwan madara ne ko mai kamar katako, ruwan toka mai ɗumi ne zai zauna da shi lafiya. Idan fari ne tas ko mai jijiyoyin baƙi kamar marmara, mai sanyi zai fi dacewa. Zai yi kyau a ɗauki ɓallin karon a aljihu zuwa shago, tare da ƙyallen labule idan an riga an saya.

Hasken rana da na ƙwan lantarki

Shawarwarin da ake karantawa a shafukan intanet na Turai sukan ce ɗakin da ke kallon arewa ba ya samun rana, don haka haskensa mai sanyi ne. Wannan gaskiya ne a Faransa, amma a nan sai da gyara. Yamai, Maraɗi da Damagaram suna tsakanin digiri 13 da 14 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, rana tana bi ta arewa da tsakar rana, sauran watanni kuma ta koma kudu. Bangon da ke cikin inuwa a Disamba zai iya shan rana a Yuni. Tagogin gabas da yamma su ne ke shigo da rana kai tsaye duk shekara, kuma hasken la'asar mai ja-ja yana sa ruwan toka ya yi ɗumi, har mai ɗan ja a ciki ya koma kamar ruwan hoda.

Ƙarfin rana a waje yana wanke launi. Ruwan toka mai haske da ya yi kyau a falo zai iya zama kamar fari a jikin katanga da ƙarfe sha biyu. Shi ya sa ake zaɓa wa waje wanda ya ɗan fi duhu. A ciki kuwa akasin haka ne, musamman a ɗakunan da aka yi wa ƙananan tagogi don gudun zafi da ƙura. A irin waɗannan, launin yakan fito da duhu fiye da na samfur. Wasu kamfanoni suna rubuta wata lamba mai suna LRV, daga 0 zuwa 100, wadda ke nuna yawan hasken da launi ke mayarwa. Ɗaki mai ƙarancin haske yana son launin da lambarsa ta kai 60 ko ta wuce.

Da dare kuma magana ta koma kan ƙwan lantarki. A jikin kwalinsa akwai lamba da harafin K. Mai 6500K yana ba da farin haske mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ya cika kasuwa. Mai 2700K zuwa 3000K yana ba da haske mai rawaya. Ruwan toka mai sanyi a ƙarƙashin farin ƙwai yakan sa falo ya yi kama da ɗakin asibiti. Mai ɗumi a ƙarƙashin ƙwai mai rawaya kuma yakan koma ruwan ƙasa gaba ɗaya. Fenti biyu da suka yi kama da juna da rana za su iya rabuwa sarai da an kunna wuta, domin sinadaran launin da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ƙura, zafi da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana lulluɓe komai da ƙura mai haske. A bango mai duhu, ƙurar tana fitowa kamar an barbaɗa gari, ga shatin yatsu da na tsintsiya. Ruwan toka matsakaici mai karkata zuwa yashi shi ya fi ɓoye ta, domin launinsu ya yi kusa. Da damina kuma ruwan da ke zuba daga indararo yana fantsama jan laka a gindin katanga. Wannan ne dalilin tsohuwar dabarar shafa wa ƙasan bango, kimanin mita guda, launi mai duhu da ake iya wankewa, a bar saman da mai haske.

Duhu yana shan zafin rana. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙofar ƙarfe mai anthracite da ke kallon yamma takan yi zafin da yaro ba zai iya dafa ta ba. Bangon ɗakin kwana mai duhu ta waje yana tara zafi da rana, ya sake shi cikin ɗaki da dare. Idan ana sha'awar launin, ya fi a bar shi a ƙofa, sandunan taga da ƴan wuraren ado, manyan bangaye su samu mai haske.

Ƙyalli ma yana sauya launi. Fenti marar ƙyalli, wanda ake rubuta wa mat, yana ɓoye kurakuran shafen siminti amma yana wuyar wankewa. Satiné yana da ɗan sheƙi, yana jure goga, ya dace da falo da ɗakin yara. Fentin mai, mai ƙyalli sosai, yakan sa launi ya ƙara zurfi. Lamba ɗaya a bango da fentin ruwa, a ƙofa da fentin mai, ba za su fito daidai da juna ba.

Haɗin hannu

Yawancin masu fenti a garuruwanmu farin bokiti suke saya, su zuba ruwan launi su dama da sanda. Yana da rahusa, amma a ruwan toka ne haɗarinsa ya fi yawa. Baƙi zalla cikin fari yakan ba da toka mai shuɗi-shuɗi, sai an ƙara ɗigon rawaya ko ruwan ƙasa kafin ya yi ɗumi. Ɗigo biyu na bambanci tsakanin bokitin farko da na biyu sun isa su raba bango gida biyu. Maganin shi ne a haɗa duk abin da ɗakin zai ci a babban mazubi ɗaya tun farko, a rubuta ma'aunin da aka zuba, a kuma rage kaɗan cikin gwangwani mai murfi domin gyaran gaba.

Lissafin ba shi da wahala. Ɗaki mai mita 4 a kowane gefe da tsayin mita 3 yana da bango murabba'in mita 48. Idan aka cire ƙofa da taga zai rage kimanin 44. Shafi biyu ya zama 88. Idan gwangwanin ya nuna lita guda tana rufe murabba'in mita 10, ana bukatar lita 9. Bango mai kaushi yana shan fiye da haka. Tsinka fenti da ruwa fiye da kima don ya yi auki yana sa launin siminti ya leƙo ta ƙasa, ruwan tokar ya fito dabbare-dabbare. Araha ba ta ado.

Sabon shafen siminti kuma yana bukatar kimanin mako huɗu ya bushe kafin a sa masa fenti. Idan aka yi gaggawa, damshi da gishirin siminti kan fito su yi farin tabo, wanda ya fi muni a kan launi mai duhu. Farin shafin farko, wanda ake kira sous-couche, shi ke sa launin ƙarshe ya fito iri ɗaya ko'ina.

Gwaji kafin saye

Hoton waya ba abin dogaro ba ne, domin kyamara tana gyara launi da kanta, kuma kowane allo da yadda yake nunawa. Gani ya kori ji. A rage zaɓi zuwa launi uku, a sayi mafi ƙanƙantar gwangwani na kowanne ko a roƙi mai fenti ya ɗan haɗa. A shafa kowanne sau biyu a kan babban kwali da aka riga aka yi wa fari, kamar rabin mita a kowane gefe. A jira ya bushe sosai, domin fentin ruwa yakan ƙara duhu bayan ya bushe.

Amfanin kwali shi ne ana iya yawo da shi. A jingina shi a ƙasa kusa da karo, a kai shi gefen taga, a kai shi lungun da ya fi duhu. A duba da safe, da azahar, da la'asar, sannan da dare bayan an kunna ƙwan da za a riƙa amfani da shi. Ya kamata uwargida, wadda ta fi kowa wuni a cikin ɗakin, ta gani a duk waɗannan lokuta kafin a yanke shawara.

Idan bayan kwana biyu launi biyu sun ci gaba da yin kunnen doki, a ciki a ɗauki wanda ya fi haske, a waje a ɗauki wanda ya fi kusa da launin ƙasar unguwar. Kuɗin ƙananan gwangwani uku da kwali bai kai ko kusa da na sake shafe falo guda ba.