Abin da Tambarin Bindiga Ke Faɗa

Duk lokacin da sojoji suka baje makaman da suka ƙwato, ko waɗanda abokan gaba suka gudu suka bari, sanarwar ɗaya ce: an kama AK-47 guda kaza. Wanda ya san makami kuwa, in ya duba hoton, da wuya ya ga AK-47 ta ainihi a tulin. Tun 1959 Tarayyar Sobiyet ta maye gurbinta da AKM, ƙasashe da dama kuma suka ƙera tasu, kowace da kamanninta.

Ta Sin, wato Type 56, zobe ne ya rufe tsinken saitinta na gaba ruf, sau da yawa kuma akwai mashi mai naɗewa a ƙarƙashin bakinta. Ta Romaniya tana da mariƙin katako a gaba. Amma babbar shaida ita ce tambarin masana'anta da ke gefen hagu: kibiya cikin alwatika ta Izhevsk ce a Rasha, tauraro na Tula, lamba 10 cikin zobe biyu kuma ta Bulgeriya. Ko kwanson harsashin da aka tsinta a ƙasa, gindinsa yakan nuna masana'anta da shekarar ƙira.

Da irin wannan ƙwaƙƙwafi ne Eliot Higgins, wani Bature ɗan Ingila, ya hango makaman tsohuwar Yugoslabiya irin su M79 Osa a hannun 'yan tawayen Siriya a farkon 2013, daga hotunan bidiyo kawai. Jaridar New York Times ta bi sawu, ta ruwaito cewa daga Kuroshiya aka sayo su da kuɗin Saudiyya. Wannan ya nuna iyakar aikin: tambari yana faɗar inda aka ƙera bindiga, ba ya faɗar wanda ya miƙa ta.

A 2020 ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta gano wasunsu daga rumbunan Libiya da Kodebuwa suka fito, wasu kuma an kankare lambobinsu da gangan. Sai da masu binciken suka kusanci bindigogin ɗaya bayan ɗaya kafin su gane haka. Hotunan da ake raba wa 'yan jarida kuwa daga nesa ake ɗaukarsu, an jera makamai a ƙasa, manya sun tsaya a baya, babu lambar da ke karantuwa.